Mudi Sikeli da Injin Mai Nauyi

Idan ka sauka a Kwanar Dangora ka ce kana neman Mudi, sai an tambaye ka wanne, don akwai mai nama, akwai mai faci. Amma ka ce Mudi Sikeli, ko baƙon da ya kwana biyu a garin zai nuna maka wata tsohuwar a-kori-kura mai ɗauke da baƙin tanki, da dogon gora ɗaure a gefenta. Wankin gilashi ne sana'arsa. Tagogin gidajen mai, na makarantu, na benayen da 'yan kasuwa ke ta ginawa, da farantan sola da suka hau rufin kowa yanzu, duk shi ne. Sai dai sunan nan na Sikeli ba a wurin wanki ya samo shi ba, a hannunsa yake.

Mutumin Riruwai ne. Mahaifinsa awon kuza ya yi har ya tsufa, kuma an ce tsohon yakan ɗaga ƙunshin kuza ya faɗi nauyinsa tun kafin a ɗora a kan sikeli, allura ta zo ta ba shi gaskiya. Da ya rasu bai bar gona ba, bai bar ko akuya ba. Mudi yakan ce 'yan'uwansa sun raba tabarma da buta da rediyo, shi kuma aka bar masa hannu, tunda ba a san yadda za a yanka shi kashi biyar ba. Da wasa yake faɗa, amma duk wanda ya zauna da shi ya san ba shi da wani abin taƙama a duniya da ya wuce wannan gado.

Da harkar kuza ta yi sanyi ya gangaro Dangora. Ya yi dako, ya yi awon masara, ya yi shekaru yana goge gilashin tireloli da bokiti da tsumma. Ko'ina ya tsaya, hannun na biye da shi. Ranar kasuwa mutane kan tare shi: mai kaza, mai ƙullin riɗi, har matan ruga da man shanunsu. Ya ɗaga, ya lumshe ido kamar mai tuno wata aya, ya faɗi adadi, magana ta ƙare. Amininsa Lado, manomin waken suya da tumatir daga wajen Kiru, shekara ashirin bai taɓa kai buhu gaban mai saye ba sai Mudi ya ɗaga masa. Abin da Mudi ya faɗa, a kansa Lado ke tsayawa, ko sikelin mai saye ya yi rantsuwa.

Sannu a hankali ya tara ya sayi motar, ya ɗora tanki, ya ɗaura buroshi a bakin gora, ya bi jikin goran da siririn tiyo. Jigon aikin duka wani ɗan inji ne mai cin batirin mota, shi ke tura ruwa daga tanki ya hau tiyo ya fita a buroshi, mutum na tsaye a ƙasa yana wanke tagar bene. Na farkon ɗan gwanjo ne, ya yi masa shekara shida ba ko tari. Sai da Alhaji Audu, shugaban kwamitin wani sabon masallacin Juma'a a ƙauyen da ke gaba da Dangora, ya ba shi wankin tagogin masallacin kafin ranar buɗewa, sannan injin ya ga dama ya mutu.

Matarsa Safara'u ce ta ƙulla masa kuɗin sabo a leda. Tana miƙa masa ta ce, "Malam, ka sayi mai kyan dai. Araha ba ta ado."

"Ni za ki koya wa sayen ƙarfe?" in ji shi. Daga baya yakan ce da a ranar wani ya tausaya masa ya zage shi, da ya gode.

A Kano, cikin layin masu kayan injina, mai shago ya ajiye masa guda biyu a kan kanta. Kamarsu ɗaya, baƙaƙe, kowanne da wayoyi biyu, ja da baƙa. Ya dafa na dama ya ce, "Baba, wannan shi ne na gaske. Zai yi wuni yana aiki bai yi zafi ba, in ruwa ya ƙare a tanki ya kashe kansa, in ya lalace akwai kayan gyaransa." Ya nuna na hagu da haɓa. "Wancan kuma, gaskiya, na masu wanke babur ne sau ɗaya a mako. Ban ba ka shawararsa ba."

Kuɗin na dama ya ninka na hagu sau uku. Mudi ya ɗauki ɗaya a kowane hannu, ya lumshe ido. Nan take ya ji abin da ya ji. Mai arahar ya fi mai tsadar nauyi da kusan rabin kilo. To, kowa ya san nauyin inji jar wayar da ke cikinsa ce, kuma inda jar waya ta fi yawa nan ƙarfi yake. Wani murmushi ya suɓuce masa. A ransa ya ce wato yaron nan ya ga hula ta sha rana ya ɗauka ya samu baƙauye, zai tura masa holoƙo da tsada ya ɓoye na kirki a bayan araha.

"Ƙulla mini na hagu."

"Baba, wallahi ba zai ɗauki aikinka ba."

"Yaro, kafin a haife ka nake auna ƙarfe."

Allah ya isar wa wannan mai shago, sau uku yana faɗa masa gaskiya. A na ukun har cewa ya yi in kuɗi ne matsala zai rage masa. Wannan ya ƙara tabbatar wa Mudi da zarginsa, don a ganinsa banza ba ta kai zomo kasuwa. Canjin da ya rage kuwa bai kawo shi gida ba. Wajen mai fenti ya biya, aka rubuta masa a bayan mota da manyan baƙaƙe, ruwan ɗorawa: HANNU YA FI ALLURA.

Da ya tsaya nan ma da sauƙi. A teburin mai shayi ya baje injin, ya sa kowa ya ɗaga ya ji, ya ba da labarin yadda ya kama ɗan birni da hannu ɗaya. Mu da muke wurin muka yi ta jinjina kai kamar mun san abin da muke ɗagawa. Lado ya juya injin ya juya, ya ce shi ma irinsa yake so, ya ɗora a kan duro yana feshin tumatir, ya huta da goyon tankin feshi da ke neman karya masa ƙugu. Ranar Asabar zai shiga Kano. Mudi ya kwatanta masa shagon, ya ƙara da gargaɗi, kada ya saurari yaron, ya ce na hagu kawai.

Ranar Alhamis da hantsi ya faka a gaban masallacin. Tagogi ashirin da huɗu ne a sama, duk sun sha feshin fenti da kashin tsuntsu. Alhaji Audu da dattawan kwamiti suna zaune a kan benci a inuwar darbejiya, sun zo ganin yadda ake wanke sama daga ƙasa. Mudi ya haɗa waya, injin ya ɗauka da wata irin ƙara, ruwa ya hau. Taga ta farko ta fito tas, ta biyu ma haka. Har ya fara riƙe goran da hannu ɗaya don dattawa su gani.

A ta biyar ruwan ya soma tsartuwa kamar mai kakin majina. A ta shida ƙarar ta koma kuka. Sai wani ƙauri ya tashi, hayaƙi ya biyo baya, injin ya yi shiru.

"Malam Mudi, lafiya dai?" in ji Alhaji Audu.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Sabo ne, yana ɗan hutawa."

Bai tashi daga hutun ba har yau. Sauran tagogi goma sha tara, da tsanin aro da bokiti da tsumma Mudi ya wanke su, yana ɗan shekara hamsin da uku, kumfa na gangaro masa cikin hammata. Duk sanda ya leƙo daga saman tsani, rubutun bayan motarsa yake fara gani. Ya gama gab da magariba. Da ya isa gida Safara'u ta dafa masa ruwan zafi ta ajiye, ba ta tuna masa zancen araha ba, shi kuwa yakan ce da ta tuna masa da ya fi masa sauƙi.

Washegari da safe ya kai injin wajen Hafizu mai gyaran janareta, yana ta faɗan cewa batiri ne ya cuce shi. Hafizu ya kwance noti huɗu, ya ɗaga murfi, ya tsaya. Sannan ya juyo da shi a hankali don Mudi ya gani. Ainihin injin bai fi ƙaramin gwangwanin tumatir ba, wayarsa fara ce aka shafa mata jan launi, ta ƙone ta dunƙule. Duk sauran cikin, siminti ne. An zuba shi da kyau, an shafe bakinsa sumul, aikin magini ƙwararre.

Mudi ya zauna a kan wani mataccen janareta. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne hannun bai yi ƙarya ba. Rabin kilo ya ce, rabin kilon ne. Kan da ke bisa hannun ne ya yi shirme. Gwanin iyo dai shi ruwa kan ci.

Hafizu ya mai da murfin ya ce, "Baba Mudi, inji yana mutuwa kowace rana, ba wanda zai ce komai. Ni ban ga siminti ba. In jefa shi cikin tarkace?"

Wallahi ya so ya ce e. Har bakinsa ya buɗe. Mutuwar inji ba abin kunya ba ce, sai a ce ƙaddara, sunansa ya tsira. Amma gobe Asabar. Gobe Lado zai hau mota da kuɗin wakensa a aljihu, ya je ya ƙi sauraron yaro mai gaskiya, saboda Mudi ya ce.

"Buɗe shi," in ji Mudi. "Ba ni haka."

Bayan la'asar, teburin mai shayi na cike, ya dire injin a buɗe tsakanin kofuna. Bai jira a tambaye shi ba. Ya ce jama'a su taya shi murna, ya je Kano sayen injin ruwa ya dawo da harsashin gini, in Allah ya yarda ya ƙara sayen guda dubu ya ta da ɗaki. Ya ce shi ne mutum na farko a ƙasar Kiru da ya sayi siminti kilo-kilo, har ya yi faɗa da mai shago don kada a hana shi. Wurin ya kece da dariya, wani har shayi ya sarƙe shi, kuma muryar Mudi ta fi ta kowa tashi. Lado ma ya yi dariyar, ya ƙwanƙwasa simintin da farce, ya ce Allah ya saka da alheri, ka tsare mini kuɗina.

Mako na zagayowa ya koma shagon nan. Ya gaida yaron da hannu biyu, ya ce a ba shi na dama. Bai ɗaga ba, a leda aka miƙo masa. Shi ke kan motar har yanzu, yana wuni yana aiki, ba ya ko ɗumi.

Ranar kasuwa ya fito yana zaton ba mai tare shi. Sai ga Lado da buhun waken suya a bayan babur, yana kiran sunansa daga nesa yadda ya saba. Daɗi ya kama Mudi har ya ji kunyar kansa. Ya tattare hannun riga, ya rungumi buhun, ya lumshe ido.

"Casa'in da bakwai."

"Madalla, mutumina," in ji Lado. Suka tafa, ya ja babur ya shige.

Can an jima Mudi ya bi ta bayan rumfunan masu hatsi zai je ɗebo ruwa a tanki. A lungun ƙarshe, inda wani mai saye ya rataye sikelinsa a jikin itace, ya hango Lado. Ba sayarwa yake ba, don mai sayensa na can bakin titi. Shi kaɗai ne, ya waiga dama ya waiga hagu, sannan ya sa aka taya shi rataya buhun. Mudi ya raɓe a bayan tarin buhunan masara, shi da bai saci komai ba. Daga nan yana iya ganin allurar. Ta yi lilo, ta yi lilo, ta tsaya cak a kan casa'in da bakwai.

Lado ya gyaɗa kai, ya sauke buhunsa, ya tafi da sauri. Mudi ya ci gwajin, amma ransa ya ɓaci ƙwarai, don shekara ashirin Lado bai taɓa dubawa ba.