Shayin da Na Dafa a Ɗakin Bayahudiya

Shekaranjiya aka yi wa autar jikokina bikin ranar haihuwa a nan Lozells, cikin Birmingham. Aka kafa kyandirori a kan kek, ta hura suka mutu, kowa ya tafa. Ni kuwa ƙaurin lagwanin nan ya daki hancina. Na ajiye farantina na shige ɗaki. Surukata ta biyo ni tana tambaya ko jikin ne. Ba jikin ba ne. Wata tsohuwa na tuna, kuma duk ran da na tuna ta sai raina ya ɓaci. Ku gyara zama ku ji, don ba na son in shiga kabari da maganar nan a ciki.

Sai na fara da kakata, don ba don ita ba da ban gane matar ba. A hannunta na tashi, kakata ta wajen uba, makauniya ce tun ban yi wayo ba. Da damina, in ruwa ya hana fita, sai mu cika ɗakinta, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa ta ƙofa, hayaƙin kara yana cin ido. Ita ta san shekarar da fara ta cinye gero, ta san shekarar da garinmu ya gudu kan dutse, ta san wa ya haifi wa har inda hankali ya tsaya. Amma tunda nake da ita ban taɓa jin ta roƙi abu da bakinta ba. In ƙishi take ji sai ta ce, "Randar nan kuwa tana sanyi bana." In wuta take so sai ta ce, "Yau ƙasusuwa suna magana." Yaron da ya zauna yana jira a aike shi, uwarsa ce za ta sha kunya. Haka aka raine mu.

Bayan rasuwar maigidana, 'yata likita ta ɗauko ni zuwa Manchester in riƙa mata yara. A Whalley Range muke, cikin wani ƙaton gida da aka yayyanka aka yi flat-flat. Mu a sama, a ƙasa wata tsohuwa ita kaɗai, 'yar firit, kullum kanta a ɗaure. Bayahudiya ce. Matan da muke haɗuwa wajen suna da walima suka ce in yi nesa da ita. Na ce musu ni ban san ta da laifi ba, kuma rufi ɗaya ya rufe mu.

Wata Asabar cikin tsakiyar sanyi na sauko da shara, na tarar ƙofarta a buɗe, tana zaune da rigar sanyi a kan rigar sanyi. Ban yi boko ba, Turancina na bakin makarantar yara ne da na kanti, amma na ji abin da ta ce. Ta ce, "Akwai sanyi a ɗakin nan." Ba ni take kallo ba, wani ɗan kabad take kallo. Jikina ya ba ni. Na buɗe, ga boiler, na'urar ɗumama ɗaki, ya mutu, ga jan maɓalli irin namu na sama. Na danna, ya kama.

Ta dube ni ta ce, "Wa ya koya miki?"

Na ce, "Kakata."

Ta yi dariya har da tari. Daga baya na fahimci al'adar. Su daga faɗuwar ranar Juma'a har duhun Asabar ba sa kunna wuta, ba sa danna maɓalli, ba sa riƙe alƙalami. Ita kuma irin masu tsananin nan ce, ko buɗe baki ta sa wani ya yi mata ba ta yi. Kafin rana ta faɗi za ta kunna kyandir biyu, ta rufe ido da tafin hannu ta yi addu'arta, shi ke nan ta saki duniya. Boiler ɗin kuwa mai gida ya ƙi gyarawa, mutuwa yake sa'ad da ya ga dama. Tun daga ranar na zama mai leƙawa. Ni ina ce mata Yaya, don ta girme ni, ita tana ce mini Kaka kamar yadda ta ji yara suna faɗa.

Sana'arta rubuta littattafai, labaran mutanenta na zamanin da. Ba ƙarya zalla ba, ba gaskiya zalla ba. Za ta tono yadda aka yi rayuwa a wani gari da ya shuɗe, me suka ci, da me suka ɗinka, wane sarki ya kore su, sannan ta hura wa mutanen rai. Na ce mata, "Ashe aikin kakata kike yi, sai dai ke da takarda." Ta sha wuya a kansa. Masu buga littafi suna so kullum ta rubuta shekarun da aka yi wa danginta kisan ƙare dangi, don shi ake saye. Ta ce musu mutanenta ba mutuwa kaɗai suka iya ba, sun yi aure, sun yi kasuwa, sun yi faɗa kan kaza. Nata mutanen ma wasu sun daina gaishe ta, don ta taɓa rubuta wani malaminsu na da a matsayin mai son kai. In an yi yaƙi a can nesa aka nuna a talabijin, sai a zo a yi ƙazamin zane a ƙofarta, tsohuwar da ko ƙuda ba ta kashewa ran Asabar. Ni na wanke shi da soso.

Littafinta na ƙarshe kan wata unguwarzoma ne, wadda aka kori mutanen garinsu ta fito da jaririn da ba nata ba a goye. Duk Asabar, tunda ba ta rubutu, sai ta ba ni labarin inda aka kwana, da baki da hannu da ido, har in gane. Ta ce wannan ne take so ta gama kafin a kira ta.

Sai shekarun nan da gwamnati ta tsuke bakin aljihu suka zo. Aka rufe laburaren unguwa, inda take samun tsofaffin littattafai da ɗumi. Matan da ake turowa su taimaka mata da wanka aka rage musu lokaci, su shigo a guje su fita a guje. Rannan ta zame a banɗaki. Ɗan ƙanenta da ke Birmingham, shi kaɗai ya rage mata, ya nemi a zo a duba ko za ta iya ci gaba da zama ita kaɗai.

Council, wato hukumar gari, ta ba wani kamfani aikin. Aka ce ranar Juma'a da safe. Muka jira, safiya ta wuce, azahar ta wuce. Kun san ƙasar nan da sanyi, ana idar da la'asar rana ta faɗi. Yaya ta kunna kyandir ɗinta. Sai ga ƙararrawa. Ba ta danna abin buɗe ƙofa ba, ni na je na buɗe. Wata yarinya ce daga kamfanin, a gajiye, jiƙe da ruwa, ta ce gidaje da yawa aka haɗa mata.

Ta shigo ta ga ɗaki ba fitila, ga wutar kyandir kusa da tulin takardu. Ta ce a kunna fitila. Yaya ta ce ba yau ba. Ta miƙa mata alƙalami, Yaya ta ce ba yau ba, ta yi mata bayani tiryan-tiryan, ta ce ta dawo Lahadi. Yarinyar ta ce ba ta da Lahadi. Ta tambaye ta me ya fi damunta a kwanakin nan. Yaya, da bakinta mai kaifi, ta ce, "Wata mata da jariri. Na kawo su bakin kogi, na rasa wanda zai ƙetarar da su." Na ga yarinyar ta ɗago kai ta dube ta, ta sunkuya tana latsa wayarta.

Sai ta ce, "Ko za ki dafa mini shayi?"

To, ku gaya mini. Baƙuwa ta shigo daga ruwa, ta buɗe baki ta roƙi shayi, mai ɗaki tsohuwa kuma addininta ya ɗaure mata hannu. Ni da aka raina a ɗakin kakata in zauna ina kallo? Na miƙe na ɗora ruwa, na zuba madara, na kawo mata da hannu biyu. Ina cikin haka boiler ya mutu, na danna. Ta sha, ta yi godiya, ta tafi.

Ashe shayin jarrabawa ne. Haka suke gwada tsofaffi, su ga ko mutum zai iya dafa wa kansa. Ɗan ƙanen ne ya zo ya gaya mana hukunci: wai tana zama cikin duhu, tana wasa da wuta, ba ta iya dafa ko ruwan zafi sai maƙwabciya, tana maganar mutanen da babu su. Matar da ta san sunan kowane titi a garin da ya ruguje tun kafin a haifi kakan kakana, ita aka ce hankalinta ya gushe!

Ban yi nadamar shayin nan ba, kuma ba zan yi ba. In yau aka maimaita, zan sake dafawa. Fushina yana kan ƙasar da za a auna hankalin mutum ba a tambayi wace rana ce a wurinsa ba. Yana kan waɗanda suka tara wa yarinya ɗaya aikin mutum da yawa don su rage kashewa. 'Yata ta yi ta waya, likitan Yaya ma ya sa baki, aka ce za a sake dubawa amma a shiga layi. Ɗan ƙanen bai jira layi ba. Ya gaji da hanya, ga hujja ta faɗo masa. Ya ce, "Aunty, can za ta fi samun kulawa." Na ce masa, "Kai dai za ka fi samun barci." Aka kai ta gidan tsofaffi a Birmingham da akwati ɗaya. Littattafanta aka ce babu wuri.

Da ɗana ya ɗauko ni na dawo nan da zama, na sa ya kai ni wurinta. Ɗaki ne mai tsabta, da ɗumi, ban musa ba. Talabijin yana ta ihu, an hana kyandir, an ba ta wani na batir. Ta gane ni tun daga ƙofa. Hankalinta garau, amma hannun ya daina riƙe alƙalami, kuma ba ta da abin da za ta duba ta san irin jirgin ruwan da ake shiga a wancan zamani. Ta ce ba za ta ƙaga ba, ba ta taɓa yi wa matattu ƙarya ba.

Na ce, "Yaya, to ki gaya mini da baki. Sun ƙetare?"

Ta ce, "Kaka, ban sani ba. Sai na rubuta nake sani."

Kafin sanyi ya zagayo ta rasu.

Yanzu an gyara gidan na Whalley Range, an ce matasa masu aikin ofis ne a ɗakinta. Jikokina in na fara ba su labarin unguwarzomar sai su ce da Turancinsu na nan, "Nana, to ya aka ƙare?" Na iya ƙarasa tatsuniya, na ƙarasa ɗari. Wannan kam ba tawa ba ce, ba ni da ikon sa mata ƙarshe. Sai in ce musu ba a ƙare ba. Matar tana nan tsaye a bakin kogi da ɗan mutane a bayanta, kuma ba sarkin da ya kore ta ne ya bar ta a can ba.