Malam Katifa, Wa Zai Kwanta Bayanka?

Kullum da yamma shi ke riga kowa zuwa ɗakin motsa jiki na unguwarmu. Ya share, ya goge shimfiɗar roba, ya ɗaure gwiwarsa da bandeji, sannan ya jira mu, ɗalibansa na kokawar jujitsu. Wasu malamai shaƙe wuya da murɗe hannu suke koyarwa. Shi kuwa abu ɗaya ya riƙe: yadda za ka kare kanka, ka kuɓuta idan an danne ka.

Yana da wata al'ada. Duk baƙon da ya zo, Malam ne zai fara kwanciya, ya ce, "Hau ka danne ni da duk nauyinka." Sai ya manne gwiwar hannu da haƙarƙari, ya ɗaga ƙugu, ya zame gefe, sai ga shi a waje. "Ka gani? Ana fita. To, kwanta." Da haka tsoro ke barin mutum. Mu kuwa, marasa kunya, muka laƙaba masa Katifa. Ya ji, bai taɓa nuna ya ji ba.

Malam, kai ne wanda wata ma'aikaciyar jinya ta zo tana kuka tana gode maka, don wani ya shaƙe ta a wurin aiki, ta tuna maganarka, ta sunkuyar da haɓa, ta zame. Kai ne ba ka da kofin gasa ko ɗaya a kan kanta, amma kowa cikinmu a kan ƙirjinka ya koyi numfashi.

Makon jiya likita ya ce haƙarƙarinsa ya tsage, kada a sake hawa kansa. Ranar da ya zo sallama, sai ga baƙo, wani ƙaton direba, yana raɓe-raɓe a bakin ƙofa. Malam ya dube mu.

"'Ya'yana, wa zai kwanta masa?"

Wani ya hau gyaran ɗamara, ni na ƙura wa fanka ido. Wai mu manya, ɗan koyo ya danne mu a gaban jama'a?

Malam ya tuɓe takalmi, ya kwanta. Direba ya ce, "Baba, ina da nauyi fa."

"Hau, ɗana."

Direba ya hau. Malam ya ɗaga ƙugu, ƙugu ya ƙi. Sai muka ga hannunsa ya bubbuga shimfiɗa, alamar ya sallama. Ba mu taɓa ganin haka ba. Da aka ɗaga shi, direban ya fara ba shi haƙuri. Malam ya ce, "Ba laifinka ba ne. Ana fita, ni ne dai na tsufa."

Kunya ta kashe ni, har yau ba ta sake ni ba.

Malam, mun gode, Allah ya ba ka lafiya, ka yafe mana sunan nan. Ku kuma 'yan'uwa, direban ya ce zai dawo gobe, har yanzu bai ga an fita ba. Ni zan kwanta. Jibi sai waninku.