Yatsan Maigidana a Bakin Jirgi

Jiya warin fetur ya cika ɗakina, alhali babu inji gidan nan. Sai na tuna maigidana.

Zamanin aikin dam, wani Bature ya bar mai ɗan jirgin sama na wasa mai shan fetur. In za shi tayar, da yatsa yake toshe bakin iskar injin. Akwai na'urar toshewa daga nesa, amma ya ƙi ta, ya ce: "Abin da ya bar yatsanka, wani ka riƙe shi."

Ɗanmu ya liƙa ta a ɓoye. Wallahi jirgin ya tashi babu kowa kusa, ya faɗa ruwan da ya haɗiye kushewun iyayenmu a Maradun. Maigida ya ce, "Sun kira shi, saura ni." Bai ga damina ba.

Allah ya jiƙanai. In warin nan kirana ne, a bari in ga girbi.