Ranar da Mota Ta Mutu a Hannun Kawu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, tuƙin motar ma'aikata ya yi har ya yi ritaya, kuma shi ya koya mini tuƙi. Don haka da na sayi motata ta farko, shi na ba ya fara ɗanawa, mu je Babbar Kasuwa.

Tun daga Kambarawa yake mita. Bai ɗaura bel ba, tana ƙara. Ya sa ribas, tana ƙara. Ya ce, "Wannan ai 'yar sanda ka sawo. Ko makulli babu, sai maɓalli kamar rediyo."

Dillalin da ya sayar mini da motar dama ya gaya mini cewa in an taka birki an tsaya, injin yana kashe kansa don rage shan mai, in an ɗaga ƙafa ya tashi. Ina jin ban gama fahimta ba a lokacin, ko kuma haka nake gaya wa kaina yanzu.

A Ƙofar Marusa Kawu ya hangi tsofaffin direbobi, abokan aikinsa, zaune gindin bedi. Ba ya wuce su bai gaisa ba. Ya taka birki, ya sauke gilas. Ana cikin ya iyali, ya ƙarfin jiki, sai injin ya yi tsit.

Ɗayansu ya ce, "Alhaji, mi ya faru? Kashe ta ka yi?"

Wani ya ce, "Hannu ya tsufa! Ba yaro kayanshi!"

Kawu ya laluba wurin makulli, babu. Ya danna maɓallin, ta ida mutuwa. Ya dube ni.

"Haka take, Kawu." Abin da ya kamata in ce ke nan. Na ji nauyin gyara wa babba a gaban sa'o'insa, wannan gaskiya ne. Amma na fi jin tsoron in faɗa ya zama ba daidai ba, dariyar ta dawo kaina. Sai na ce, "Ko in karɓa?"

Ya fito, ya zagaya, ya zauna kujerata.

A satin nan ya ba ɗansa makullin tsohuwar motarsa, ya koma hawa Keke Napep. Ni kuwa sai da na karanta littafin motar sau biyu, na tabbatar, sannan na je na yi masa bayani.

Ya ce, "Ranar nan ka sani?"

Na ce, "Kusan, Kawu."

Ya gyaɗa kai, ya tambayi jikin mahaifiyata. Har yau bai karɓi makullinsa daga hannun ɗansa ba.