Damunar da Motar Baba Ta Ƙi Hawa Tudu

Wata safiyar Agusta ce, cikin dogon hutun da zan shiga aji huɗu na firamare, na fara ganin mota tana tafiya a karkace. An kwana ana ruwa, gari ya waye da yayyafi da wani sanyi mai ratsa ƙashi, irin wanda iska ke kwasowa daga tafkin Kainji ta watso wa tungarmu. Ni da yayana Sani muna tsaye bakin hanya, mun lulluɓa da buhu ɗaya, muna kallon Baba zai hau tudun da ya raba mu da kwalta. Motar ta taso da ƙarfinta, a-kori-kura ce fara mai babban inji, in ta yi gurnani sai kaji sun watse. Tana kaiwa tsakiyar hawan sai bayanta ya fara zamewa hagu a hankali, tayoyin baya suna ta juyawa a wuri ɗaya suna feso jar laka. Baba ya ƙara taka totur, ita kuma ta ƙara karkacewa, har ta juyo gaba ɗaya ta dubi tafki, ta gangaro ta tsaya da taya ɗaya cikin rami. Sani ya fashe da dariya, ni ma na taya shi, sai da muka hango fuskar Baba ta gilashi sannan muka haɗiye sauran.

Baba dai ba a gidan direbobi ya tashi ba. Gidanmu na masunta ne tun kaka da kakanni, shi kansa a cikin jirgi ya yi wayo, ya san inda giwan ruwa ke taruwa, ya san inda tsofaffin itatuwan da tafki ya haɗiye suke laɓe suna jiran farfelar inji. A ranin shekarar ne ya sayar da babban jirginsa da injinsa ya sayo motar, domin kamu ya ragu, ƙirjinsa kuma ya fara ƙin sanyin kan ruwa. Niyyarsa ya riƙa kwasar bandar matan tunga yana kai musu kasuwar Yelwa da wuri. Ya koyi tuƙi hanya a bushe ƙarau, komai ya tafi masa daidai, mu yara kuwa muka samu abin taƙama. Kowace yamma muna ɗebo ruwa mu wanke ta har da tayoyi, ni ce mai goge madubi, domin a gidanmu babu wanda ya kai ni son ganin fuskarsa.

Mutum ɗaya ne bai taɓa ko shafa motar ba, mahaifin Baba, wanda muke kira Tsoho. Kullum yana gindin ɗorawa yana gyaran taru, in motar ta wuce ko ɗaga kai ba ya yi. Akwatin ƙarfe yake ce mata. Ni da shi muna shiri sosai, amaryarsa yake kira na, yana ɓoye mini ƙwan kifi soyayye a ganye, amma da na kawo zancen mota sai ya ce in je Inna na kira. Da damuna ta sauka motar ta fara wannan abin kunya, sai ya kira Baba ya faɗa masa magana ɗaya: in har damuna ta wuce akwatin nan bai ciyar da gida ba, a sayar da shi, Baba ya koma ruwa. Jirgi kuwa babu, sai dai ya shiga na ƙaninsa yana ja masa taru kamar ɗan ƙodago, shi da furfura ta fara fito masa. Baba bai yi musu ba, ba a yi wa Tsoho musu. Na san abin yana cin Inna, domin ta daina waƙa in tana daka.

Aikinmu na damuna bai tsaya ba don wannan. Da hantsi muna bakin ruwa muna kankare ɓawon karfasa, muna lanƙwasa tarwaɗa muna soke ta da tsinke, mu kai wa Inna ta jera a murhun banda. Itace jiƙaƙƙe ne, hayaƙi ya yi ta cin ido, kayanmu da gashinmu har allunanmu na makarantar allo duk ƙamshin banda suke. In mun samu sarari sai mu nufi tudun nan, domin santsin da ya zame wa Baba masifa mu wurin wasanmu ne. Mu zauna cikin fasasshen baho mu sulalo har ƙasa, mu koma gida jajaye, a yi mana wanka da duka a haɗe. Abin da ya ɓata mini wasan shi ne da yaran tunga suka ƙirƙiro wani sabo, yaro ya durƙusa da hannu da ƙafa yana gurnani yana karkaɗa baya, sauran suna ihu wai motar Garba ce, sunan Baba ke nan gatsal. Wata yarinya ta yi shi a gabana, na cusa mata laka a baki, kuma har yau ban ga laifina ba.

Sai da na girma na gane abin da ke faruwa, kuma duk lokacin da na tuna sai dariya da tausayi su kama ni tare. A jirgi mai inji, nauyin injin da na mai tuƙi duk suna baya, saboda haka gaba ake tura kaya, in ba haka ba hancin jirgin ya ɗaga sama. Haka Baba yake loda motarsa. Ya jera kwalayen banda a manne da kan mota, ya ɗaure wasu a sama, ya cusa fasinja a gaba, ya bar can baya fayau har ana iya shimfiɗa tabarma. Banda kuwa yawa gare ta, ba nauyi. Sannan a ruwa, in igiya ta yi ƙarfi, buɗe inji ake yi a keta ta, shi ya sa da ya ji mota na ja da baya sai ya danna totur har ƙasa. Duk masu taya shi lodi mutanen ruwa ne, babu wanda ya ga kuskure, har ƙara tura kayan gaba suke yi. Direbobin Yelwa da ya tambaye su da sun gaya masa, amma Baba ya gwammace ya kwana cikin laka da ya buɗe baki a tasha a yi masa dariya. Aka zuba ciyawa, aka zuba reshe, aka tara samari suna turi, wata rana a samu hawa in rana ta yi zafi, wata rana a sauke kaya.

Banda ba ta son danshi, in ta kwana biyu a kwali sai ta fara fumfuna, kuma wadda ta isa Yelwa bayan kasuwa ta watse sai yadda mai saye ya ga dama. Mata suka fara gunaguni, wasu suka koma ba masu jirgi kayansu. A nan ne Gwaggo Kulu ta shigo maganar. Yayar Baba ce, ita ta fi kowa yawan banda a tunga, Allah ya hore mata jiki ya kuma hore mata baki. Wata safiya mai yayyafi ta ce da kanta za ta bi kayanta, ta sa aka kinkimo mata buhun shinkafa da za ta kai inji a casa, ta jawo ni in riƙe mata lema. Gaba ta ce ba ta shiga, warin fetur na tayar mata da zuciya. Kusa da kwalaye ma ba ta zama, sabon zani ta ɗaura. Ta sa aka ajiye buhun can baya daidai kan taya, ta hau ta zauna daram. Baba ya zo yana lallashi, ya ce, "Yaya, matso gaba, nauyi zai ja mu baya." Ta ce, "Ba ni matsawa ko'ina. Kuma ka ji da kyau, Garba, in kag girgiza ni har na taɓa lakag ga, yau za ka tuna ni nig goye ka."

Baba ya fi tsoron Gwaggo a kan tudun. Ya tayar da mota a hankali kamar mai gudun tada jariri, ƙafarsa da ƙyar take taɓa totur. Ina zaune jikin Gwaggo ina jin tayar a ƙarƙashinmu, ta ɗan zame, sai na ji ta kama ƙasa ta ci gaba. Muka wuce ramin, muka wuce wurin da kullum ake karkacewa, tafki yana ƙara faɗi a bayanmu, samarin da suka naɗe wanduna don turi suna tsaye sake da baki. Muna taka kwalta Baba ya tsaya ya fito, ya zagaya motar, ya duƙa ya dubi tayoyin, ya ɗago ya dubi yayarsa. Ta ce, "Mi kaka kallo? Shiga mu tahi, kasuwa na ci." Da yamma na ji yana gaya wa Inna, murya ƙasa-ƙasa don kada Tsoho ya ji, cewa ashe motar da ƙafafun baya take turawa, shi kuwa ya bar su ba abin da zai danne su.

Daga ranar Gwaggo Kulu ba ta sake biyan kuɗin mota ba, kuma har ta koma ga Allah tana gaya wa mutane ita ta koya wa ƙaninta tuƙi. Ran da ba ta zuwa, sai buhunan yashi daga bakin ruwa, ko kuma mu. Aka riƙa ɗiban mu ana jerawa a baya, har da yaran da suka yi mana wasan motar Garba, waɗanda yanzu sai sun roƙe ni. Ko a kwalta ma, in an dawo ba kaya da sanyin ruwa, bayanta yakan ɗan wutsila a kwana, mu ƙanƙame juna muna ihun daɗi, Baba ya sassauta ƙafa ta dawo hanya. A Yelwa ya saya mana ƙosai mai zafi a takarda, mu ci muna ɗumama hannu da shi. Ban san wata damuna da ta kai wannan daɗi ba.

Tsoho dai bai janye maganarsa ta sayar da mota ba, abin da ya fi damun Baba ke nan. Ruwa na shirin ɗaukewa aka yi wani mai ƙarfi, ya zaizaye tudun fiye da kullum. Gwaggo ta tafi suna Shanga, mu kuma an koma makaranta, na fito da kayan makaranta na tarar da Baba tsaye yana duban hanyar, ya sa yashi amma hankalinsa bai kwanta ba. Sai ga Tsoho ya ajiye tarunsa ya taho yana dogara sanda. Ya ce, "Amaryata, kama mini hannu." Na kama, ya taka ya hau bayan motar da ƙyar, ya tattara rigarsa ya zauna kan buhun, ya dubi Baba ya ce, "Nan a wurin?" Baba ya gyaɗa kai, ya share fuska da hannun riga kamar ruwan sama ne. Tsoho a lokacin bai fi ƙaramin yaro nauyi ba, ban jin ya ƙara wa tayar komai, amma ban taɓa ganin Baba ya hau tudun nan da natsuwa irin ta ranar ba. A bakin kwalta Tsoho ya sauka ya gangaro gida da ƙafa, ya koma kan tarunsa, kuma ba a sake jin zancen sayar da mota ba.

Yanzu ina aiki a Birnin Kebbi, ina da tawa motar, in ta ji santsi sai wata 'yar fitila ta ƙifta ta gyara kanta kafin ma in tsorata. An zuba wa tudun tsakuwa, babura da motoci suna hawa ba wanda ke waiwaye. Tsoho da Gwaggo sun rasu, Baba ya tsufa, shi ne yanzu a gindin ɗorawa jikokinsa suna tsokanarsa. Na gode Allah da hanya ta yi kyau, ba na fatan kowa ya sha wahalar da ya sha. Amma in na je gida da damuna na hau tudun nan ni kaɗai, gilashi a rufe, ba laka ba ihu, sai in ji hawan bai yi mini daɗi ba. Ina kewar lokacin da sai an taru ake kaiwa sama.