Dabino a Goshin Hula

Hoton bai kai tafin hannuna ba. A ƙasan wata tsohuwar kwalla kakata take ajiye shi, naɗe cikin ƙyallen atamfa, kuma da ta rasu gwaggo ce ta gaje shi tare da kwallar. Wani saurayi ne a tsaye cikin kayan soja da hular dara, ya ƙame kamar an ce in ya motsa za a harbe shi. Duk gidanmu na Matamaye mun tashi da sanin cewa mahaifin gwaggo ne, mijin kaka na fari, wanda Faransawa suka ɗauka soja gwaggo tana goye, bai kuwa dawo ba. Ubana ɗan miji na biyu ne, saboda haka ba na lissafa sojan a cikin jinina, amma tun ina yaro yake ba ni sha'awa. Ni dama mutum ne mai bin ƙwaƙƙwafi, har matata takan ce da ɗan sanda na zama, ba malamin lakwal mai koyar da boko ba.

Ba wanda ya taɓa jin kaka ta ce ga ko wane ne. Na tuna ranar da na tambaye ta, ina ajin farko. Ta kau da kai ta ci gaba da tsince wakenta, matan gida kuma suka kwashe da dariya, suka ce wai so nake in sa tsohuwa ta kama sunan mijinta. Matan zamaninsu ba sa faɗar sunan miji, balle na fari, ko da bayan ransa. Shirun da ta yi shi muka ɗauka shaida, ba mu kuma nemi wata ba.

Bara ciwon yana ya fara rufe wa gwaggo ido. Ta aika aka kira ni, ta ce in kai hoton Damagaram a ƙara masa girma, tana so ta ga fuskar ubanta da kyau kafin ganin ya tafi gaba ɗaya. Ba ta san muryarsa ba, ba ta san inda kabarinsa yake ba, wannan fuska ce kaɗai abin da take da shi nasa. Ta ja mini kunne kan kada in lanƙwasa shi a aljihu, sai ka ce ba ni ne mai furfura a gemu ba.

Kafin in tafi na ɗauke shi da wayata ta salula, na zauna a zaure ina ja da yatsa ina buɗe shi. A nan na lura da wata 'yar lamba ta ƙarfe a goshin hular. Na sha ganin hotunan sojan Faransi na wancan zamani a littattafan da nake koyarwa da su, kuma lambarsu ƙugiya ce, irin wadda ake jefawa cikin ruwa a tsayar da jirgi. Wannan kuwa sanda ce a tsaye da rassa sun baje a samanta. Na juya salular kai ƙasa, sai ga ta ta ɗan yi kama da ƙugiyar. Na yi dariya ni kaɗai, na ce bawan Allah sabon shiga ne, ya maƙala lambarsa a kife. Matata ta duba ta ce lema ce. Maƙwabcina mai sayar da gyaɗa ya rantse tsintsiya ce, ya ƙara da cewa ba mamaki mai shara ne a bariki. Na ce masa ya ji tsoron Allah, uban mutane ne.

A Damagaram mai hoto ya ce in dawo bayan la'asar. Sai na wuce gidan wani Alhaji, mahaifin abokina, tsohon soja, wanda shi ma ubansa ya yi wa Faransi soja. Bayan gaisuwa da shayi na miƙa masa salular. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, sannan ya shiga ciki ya fito da wani gwangwani, ya zaro lambar hular ubansa ya ɗora mini a tafin hannu. Ƙugiya ce, da zobe a sama da ɗan gicciye a ƙarƙashin zoben. Ya sa na juya ta ta kowace fuska, ba ta yadda ta zama tawa.

"Malam, wannan ba tamu ba ce," in ji shi. "Itace ne, dabino ko kwakwa. Ta sojan Ingilishi ce, na ƙetare."

Ya ce ya sha ganin ta wajen tsofaffin soja a Kano da Daura. Su ma jar dara suke sawa ranar fareti kamar na Faransi, kuma a hoto mai baƙi da fari ba abin da zai raba maka su sai lambar. Na kawo masa shawarar ko aron hula aka yi a gidan mai hoto. Ya ce sojan Faransi da zai tsaya gaban mai hoto da hular Ingilishi to ya gaji da zama a waje ne. Na ce ko mutumin ya gudu ya ƙetare iyaka ya shiga na can, tunda mutanenmu da yawa sun yi haka. Amma kafin in rufe baki na tuna cewa ta ofishin kumandan na Faransi aka kawo wa kaka labarin rasuwar mijinta tare da bargonsa, kuma tsofaffin unguwa duk sun shaida. Na fita daga gidan kaina ya fi ɗaurewa a kan yadda na shiga, kuma gaskiya abin yana mini daɗi.

Daɗin ya ƙare da na karɓi babban hoton. Itacen ya fito sarai, har ana iya ganin ganyensa. A cikin mota, muna tahowa tsakanin gonakin gero, sai na fara tunanin gwaggo. In ba ubanta ba ne, me zan miƙa mata? Na yanke cewa in ba ta tambaya ba, ba zan tsoma baki ba.

Ta karɓe shi da hannu biyu a bakin ƙofar ɗakinta, inda haske ya fi yawa. Ta kai shi kusa da hancinta, tana bin fuskar da yatsa, tana cewa ashe haka girarsa take. Da yatsan ya hau goshi sai ta tsaya, ta tambaye ni mene ne wannan abin da ba ta taɓa gani a ƙaramin ba. Na gaya mata duk abin da Alhaji ya ce. Ta sa na maimaita, na maimaita. Ta tambaya ko Alhajin yana da cikakken hankali, na ce ya fi ni.

Ta ci gaba da shafa lambar da yatsa. Ni ina ta kawo mata hanyoyi, ko wani ɗan uwan kaka ne, ko hoton baƙo ne ya shigo kwallar bisa kuskure. Ta ɗaga mini hannu.

"Yi shiru, ɗana. Ai mutum biyu ne inna ba ta kama sunansu. Mu ne muka tsaya a kan ɗaya."

Ɗan fari take nufi. A al'adarmu uwa tana jin kunyar ɗanta na fari kamar yadda take jin ta miji: ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, sau da yawa ma da an yaye shi sai a ba wani riƙo. Na kaka an ba dangin ubansa ne da ke wajen Daura, tun kafin a haifi gwaggo da shekaru. Ni ban taɓa jin labarinsa ba, ga shi kuwa wan ubana ne ciki ɗaya. Gwaggo ta ce sau ɗaya ta gan shi, tana 'yar yarinya. Wani dogon baƙo ya zo ya wuni a zaure, kaka ta dafa kaza ta aika masa da ita, ita kuma ta shige ɗaki ba ta fito ba har ya tafi. Daga baya aka ji ƙishin-ƙishin ashe ya riga ya shiga soja a can, daga nan labari ya yanke. Mai yiwuwa a wannan zuwan ne ya bar hoton.

Na ce mata ba mu da tabbas. Ta ce in dubi kunnuwan, in tuna na ubana. Na duba, ban kuma iya musu ba.

Na ba ta haƙuri, don na ga abin ya taɓa ta, ni ma ya taɓa ni. Ta ce yau ta yi rashin uba karo na biyu, kuma wannan ya fi ciwo don na farko ba ta da wayo. Amma abin da ya fi damun ta wani ne. Shekara da shekaru tana kallon wannan fuska tana yi wa ubanta addu'a, shi kuwa mai fuskar ba wanda ya taɓa ba da sadakar ko da ƙosai ɗaya dominsa. Uwarsa kunya ta hana ta, mu kuma ba mu san da shi ba.

Ranar Juma'a ta sa aka toya masa da ƙosai, aka kira malamin unguwa. Ya zauna a kan tabarma, ya tattara hannu, ya tambayi sunan mamacin. Gwaggo ta dube ni, na dube ta. Wanda duk zai iya sani ya riga mu gidan gaskiya, wadda ta fi kowa sani kuma ta tafi da shi a bakinta.

"Malam, ka ce ɗan farin inna," in ji gwaggo. "Ban san sunansa ba."