Kofur Japhet, Mai Gwada Kananzir a Ƙofar Kwaleji

Kafin ƙarfe bakwai na safe Kofur Japhet ya riga ya jingine kekensa, tun daga Dabai yake tuƙo shi. Ba ya zama sai ya gama zagaye. Ya bi ɗakunan kwanan ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, ya tsoma hannu cikin kowane jan bokiti ya ji ko yashin ya dunƙule, ya ɗaga tukunyar kashe wuta ya girgiza, ya leƙa bayan taga ko an bar busasshiyar ciyawa. Shekara goma sha tara ke nan yana tsaron gobara a kwalejin nan tamu ta Zuru, tun da ya ajiye kakin soja. Ƙarshen watan nan zai huta, shi ya sa na ce sai na yi magana tun yana bakin aiki.

Baba Yashi yaran suke ce masa, don tsokana. Da suka ishe shi da zubar da yashin suna kwashe bokitan su yi wanka, bai kai ƙarar kowa ba. Ƙusa ya samu ya huda gindin kowane bokiti. Yashi ya zauna, ruwa ba ya zama. Daga ranar ba a sake ɗaukar masa ko ɗaya ba.

Amma abin da na gani da idona ya faru ne wata Litinin a 2005, lokacin da kananzir ya yi wuya, marasa tsoron Allah suka riƙa haɗa shi da fetur. Jikata Asama'u tana karatu a kwalejin. Tun ranar Lahadi na sayo mata galan guda a bakin hanya, washegari na hau kabu-kabu na kawo mata da tsakar rana. Sai ga wannan mutumin ya tare ni a ƙofa, wai ba kananzir da zai shiga sai ya gwada.

Raina ya ɓaci. Na ce masa na girmi ubansa, ina kunna fitila tun ba a haife shi ba. Na ce har yanzu gani yake yana bariki, kowa kurtunsa ne. 'Yan kabu-kabu suna ta dariya, ɗayansu yana cewa a bar Baba Yashi ya ɗanɗana ko akwai gishiri. Shi ko ya ce, "Baba, zage ni da kyau, amma ara mini murfin."

Ya zuba cikin murfin galan, ya ajiye a ƙasa can gefe, ya ɗaura ashana a bakin dogon kara. Ya ce kananzir na gaskiya ba ya kamawa sai da lagwani. Ashanar ba ta ma kai ga murfin ba, wuta ta yi tsalle har ƙugun mutum. Dariya ta ɗauke.

Ya juyo ya dube ni. "Wannan ne kaɗai, Baba?"

Na ce masa a'a. Ranar Lahadin da yamma yarinyar ta zo gida, na tsiyaya mata kwalba guda daga galan ɗin, ta tura cikin buhun garin tuwo ta wuce da ita ba wanda ya gani. Ga shi an tashi daga aji, lokacin ɗora tukunya ya yi.

Ban gama faɗa ba ya ruga. Mutum mai furfura, amma wallahi babur da na hau bai cim masa ba sai a bakin ɗakin kwanan 'yan mata. Muna isa muka ji ƙara kamar an fasa taya. Asama'u ta ƙara wa risho mai yana ci. Ta fito a guje, zanenta yana ci da wuta, gudun yana ƙara hura ta. Ƙawayenta biyu sun ɗauko ruwan wanki za su watsa cikin ɗakin. Ya daka musu tsawa irin ta fareti, suka tsaya cak. Ya fizgi bargon da ke kan igiyar shanya, ya kayar da ita ƙasa, ya naɗe ta, ya danne da hannuwansa yana mirgina ta har wutar ta mutu. Sannan ya ɗauki bokiti biyu ya shige cikin hayaƙin, ya binne rishon da yashi. Ɗaki ɗaya ya yi baƙi. Ɗakuna ashirin ne a layin, rufinsu ɗaya.

Sai a asibiti na ga hannunsa na dama. Yatsu biyu har yau ba sa lanƙwasawa. Da na soma ba shi haƙuri ya ce in bari, in je in ga jikata, tana tambayata.

Kofur, kai ne ka san ruwa ba ya kashe wutar mai, a ranar da duk masu karatun suka manta. Kai ne ka sha zagina ka ƙi matsawa daga ƙofa. Da ka ji kunyar furfurata ka bar ni na wuce, da galan guda na miƙa wa yarinyar nan da hannuna. Namijin Dabai, ba ka tambayi ko ɗiyar wa ce ba, ko ina take ibada.

Ku kuma ɗalibai, in an ce ku kawo kananzir a gwada, ku kawo, ku rufe baki. Ku iyaye, kada ku yi irin tawa. Hukumar kwaleji, ku nemo wanda zai gaje shi tun bai tafi ba, ya bi shi zagaye ko na mako biyu ne, ya ga yadda ake aikin da ba mai duba ka sai Allah.

Asama'u ta gama karatunta bana. Tabo ne a ƙwaurinta, amma da ƙafarta ta hau ta karɓi takardar shaidarta, ina zaune ina kallo. A gaban mutane na zage ka, Kofur, to ga shi a gaban mutane ina roƙon ka yafe mini. Na gode. Allah ya ba hannun nan lafiya.

Talle Mai Hatsi, Zuru